Samamen Vel d'Hiv: Yadda 'yan sandan Faransa suka kame Yahudawa 13,152 suka miƙa wa 'yan Nazi

Da misalin ƙarfe 4 na asubar ranar Alhamis, 16 ga Yuli, 1942, aka fara buga ƙofofin gidaje a unguwannin birnin Faris. Shekara biyu ke nan birnin yana hannun sojojin Jamus, amma waɗanda suka tsaya a bakin ƙofofin a wannan asuba 'yan sandan Faransa ne, wasu sanye da kayan sarki, wasu cikin farin kaya, kowane ayari riƙe da katuna masu ɗauke da suna da adireshi. Da aka rufe lissafi bayan 'yan kwanaki, an kama Yahudawa 13,152: maza 3,118, mata 5,919, yara 4,115. Mafi yawansu an ƙarasa da su sansanin Auschwitz da ke ƙasar Polan, inda aka hallaka su.

Wannan shi ne kame mafi girma da aka yi wa Yahudawa a Faransa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ana kiransa samamen Vel d'Hiv, daga sunan wani rufaffen zauren tseren keke da ke kusa da hasumiyar Eiffel, inda aka tsare iyalan da aka kama. Jamusawa ne suka buƙaci a yi aikin, amma tun daga tsara shi har zuwa loda mutane cikin motoci, hukumomin Faransa ne suka gudanar. Hausawa kan ce da ɗan gari akan ci gari. Labarin wannan samame ya nuna yadda hakan ke faruwa a aikace, ya kuma nuna cewa ɗan garin yana da zaɓi.

Ƙasa biyu, rundunar 'yan sanda ɗaya

Jamus ta afka wa Faransa a watan Mayun 1940, cikin makonni shida rundunar Faransa ta karye. A ranar 22 ga Yuni aka sanya hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta, wadda ta raba ƙasar gida biyu. Arewaci da gaɓar tekun Atlantika, har da Faris, suka koma ƙarƙashin sojojin Jamus. Kudanci ya zauna a hannun gwamnatin Marshal Philippe Pétain, wadda ta kafa mazauninta a garin Vichy. Ikon wannan gwamnati ya kai har yankunan mulkin mallaka na Afirka ta Yamma, ciki har da Nijar, yayin da Chadi ta ɓalle tun watan Agustan 1940 ta bi Janar Charles de Gaulle, wanda ya ƙi amincewa da miƙa wuya.

Ko a yankin da aka mamaye, ba a rusa ma'aikatun Faransa ba. Alƙalai da gwamnoni da 'yan sanda suka ci gaba da aikinsu, gwamnatin Vichy na biyansu albashi, sai dai yarjejeniyar ta wajabta musu bin ƙa'idojin hukumomin mamaya. Wannan tsari ya yi wa Jamus daɗi ƙwarai, domin 'yan sandanta da ke Faransa a tsakiyar 1942 ba su wuce 3,000 ba, a ƙasa mai mutane kusan miliyan 40. Ba su san lunguna ba, da yawansu ba su jin harshen Faransanci, kuma ganinsu a ƙofar gida ya isa ya sa unguwa ta watse.

Gwamnatin Vichy ba ta jira umarni ba kafin ta fara nata aikin. A ranar 3 ga Oktoba, 1940, ta kafa dokar da ta kori Yahudawa daga manyan muƙaman gwamnati da aikin koyarwa da aikin jarida. Washegari ta ƙara wata dokar da ta ba gwamnonin larduna ikon tsare Yahudawa baƙi a sansani ba tare da shari'a ba. A watan Maris na 1941 aka buɗe hukuma ta musamman mai kula da abin da aka kira al'amuran Yahudawa, wadda ta sa ido kan ƙwace musu shaguna da masana'antu. A lokacin akwai Yahudawa kimanin 330,000 a ƙasar, da yawa daga cikinsu 'yan ci-rani ne da 'yan gudun hijira daga Polan da Jamus da Ostiriya da Rasha.

Rajista ce makami na farko

A ranar 27 ga Satumba, 1940, hukumomin Jamus suka ba da umarnin kowane Bayahude da ke yankin mamaya ya je ya yi rajista. A Faris da kewayenta mutane kimanin 150,000 suka shiga layi a ofisoshin 'yan sanda suka ba da sunayensu, mafi yawansu don gudun saɓa wa doka. Hedikwatar 'yan sandan birnin ta mayar da waɗannan bayanai zuwa katuna, ƙarƙashin wani jami'i mai suna André Tulard, aka jera su ta fuska huɗu: jerin sunaye, ƙasar asali, adireshi da sana'a. Daga ranar, duk mai son sanin Yahudawa 'yan Polan nawa ne ke zaune a titi kaza, ko teloli nawa ne a gunduma kaza, sai ya jawo akwati ya duba.

An gwada amfanin katunan tun a 1941. A ranar 14 ga Mayu, aka aika wa maza baƙi takardar sammaci cewa su zo a duba matsayin zamansu. Kimanin 3,700 da suka amsa kiran ba su koma gida ba, aka wuce da su sansanonin Pithiviers da Beaune-la-Rolande a kudu da Faris. A watan Agusta aka sake kama maza fiye da 4,000, aka zuba su a wani rukunin gidaje da ba a gama ginawa ba a Drancy, bayan garin Faris, jandarmomin Faransa na gadinsu. Daga baya Drancy ta zama zangon ƙarshe kafin jirgin ƙasa mai zuwa Auschwitz. Jirgin farko ya tashi daga Faransa a ranar 27 ga Maris, 1942, watanni biyu bayan taron Wannsee, inda manyan jami'an Nazi suka tsara yadda za a yi wa Yahudawan Turai kisan ƙare dangi. Daga ranar 7 ga Yuni kuma aka tilasta wa kowane Bayahude da ya kai shekara shida a yankin mamaya liƙa tauraro mai ruwan ɗorawa a ƙirjin rigarsa.

Cinikin da aka ƙulla a sama

A watan Afrilun 1942 Pierre Laval ya dawo shugabancin gwamnatin Vichy, ya naɗa René Bousquet, wani haziƙin ma'aikaci ɗan shekara 32, babban sakataren 'yan sanda na ƙasa. Abin da ya fi damun Bousquet shi ne martabar hukumarsa. Yana son 'yan sandan Faransa su riƙa karɓar umarni daga shugabanninsu kaɗai, a ko'ina cikin ƙasar, ba daga bakin jami'an Jamus kai tsaye ba. Janar Carl Oberg, sabon shugaban rundunar SS da 'yan sandan Jamus a Faransa, yana da abin da zai bayar, yana kuma da abin da yake nema.

A ganawar ranar 2 ga Yuli, Bousquet ya amince cewa 'yan sandan Faransa za su kama Yahudawa baƙi a yankunan biyu, har da kudancin da babu sojan Jamus ko ɗaya. Hujjar Vichy ita ce ta sadaukar da baƙi don ta ceci Yahudawa 'yan ƙasa. Amma bayan kwana biyu, Laval da kansa ya ba da shawarar a haɗa da yara 'yan ƙasa da shekara 16 a tura su tare da iyayensu, abin da Jamusawa ba su riga sun nema ba a lokacin. Mafi yawan waɗannan yara a Faransa aka haife su, kuma 'yan ƙasa ne a idon doka.

Daga nan aiki ya koma hannun ma'aikata. Aka zaro katuna fiye da 27,000 na maza masu shekara 16 zuwa 60 da mata masu shekara 16 zuwa 55, 'yan asalin Jamus da Ostiriya da Polan da Rasha da Cekosulobakiya, da waɗanda ba su da ƙasa. Aka tanadi 'yan sanda kimanin 4,500 da motocin bas 50 na kamfanin sufurin birni. Aka ɗage ranar don kada ta zo daidai da bikin ƙasa na 14 ga Yuli. Shugaban 'yan sandan birni, Émile Hennequin, ya sa hannu kan takardar umarni mai fayyace komai: kada jami'i ya tsaya musu da wanda ya zo kamawa, kada ya saurari uzurin rashin lafiya, a tabbatar an rufe ruwa da wuta da iskar gas, a bar makullai da dabbobin gida wajen mai kula da gidan ko maƙwabci, kowa ya ɗauki barguna biyu da abincin kwana biyu.

Cikin zauren tseren keke

Jita-jitar kamen ta riga ta bazu kwanaki kafin ranar, wani ɓangare ta hanyar ƙungiyoyin gwagwarmaya na ɓoye, wani ɓangare ta bakin wasu 'yan sandan da suka tsegunta wa sanannunsu. Da yake a baya maza kaɗai ake kamawa, magidanta da yawa suka je suka ɓuya, suka bar mata da yara a gida da tunanin babu mai taɓa su. Wannan ne dalilin da ya sa matan da aka kama suka kusa ninka maza.

Waɗanda ba su da yara, kusan mutum 5,000, aka wuce da su Drancy. Iyalai kuwa, mutum 8,160, rabinsu yara, aka cusa su cikin zauren Vel d'Hiv. Ba a yi wani tanadi domin su ba. Rufin gilashin zauren an shafe shi da shuɗin fenti saboda tsoron jiragen yaƙi, tagogi a rufe, ga zafin watan Yuli. Bayan-gida 'yan kaɗan ne, nan da nan suka toshe. Ruwan sha ya yi ƙaranci, har sai da wasu 'yan kwana-kwana da suka shigo duba wurin suka buɗe bututunsu suka shayar da mutane. Likitoci ƙalilan aka bari suka shiga. Wasu daga cikin tsararrun suka kashe kansu, wasu tsiraru suka samu suka sulale.

Bayan kwana uku zuwa biyar aka kwashe su zuwa Pithiviers da Beaune-la-Rolande. A can ne abin da ya fi muni ya auku. Ba a riga an fara ɗaukar ƙananan yara a jiragen ba, amma an riga an tsara ranakun tafiya, kuma dole a cika taragu. Saboda haka daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, jandarmomin Faransa suka raba iyaye mata da 'ya'yansu da ƙarfin tsiya, aka loda iyayen aka tafi da su. Yara kimanin 3,000 suka rage su kaɗai, wasunsu ba su ma iya faɗin sunansu ba. A rabin ƙarshe na watan Agusta aka kai su Drancy, aka cakuɗa su da manyan da ba su sani ba, aka tura su Auschwitz. Kusan babu ko ɗaya daga cikinsu da ya dawo.

Me ya sa suka yi biyayya?

Ba kowane ɗan sandan Faris ne ɗan ra'ayin Nazi ba. Da yawansu ma'aikata ne masu iyali, waɗanda suka yi rantsuwar biyayya ga Pétain, suna kuma tsoron kora a lokacin da abinci sai da kati. Tun shekarun 1930 aikinsu ya saba musu da kallon baƙo a matsayin abin zargi, kuma ƙyamar Yahudawa ta daɗe da samun gindin zama a wani sashe na al'umma. An kuma yanka aikin gunduwa-gunduwa: wani ya zaro kati, wani ya buga ƙofa, wani ya tuƙa mota, wani ya yi gadi, ta yadda kowa zai iya ce wa kansa nasa ɗan kaɗan ne. A hukumance an ce za a kai mutanen aikin ƙarfi a gabashin Turai. Ƙaramin ɗan sanda na iya rashin sanin akwai ɗakunan kisa da iskar guba, amma wanda ya sauko da ɗan shekara uku daga bene ya san ba aiki za a kai shi ba.

Duk da haka, lissafin ranar ya nuna cewa biyayyar ba iri ɗaya ba ce. Cikin manya fiye da 27,000 da aka nema, kimanin 9,000 aka samu. Binciken masanin tarihi Laurent Joly ya gano cewa a wata gundumar birnin an kama kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke kan jeri, a wata kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar. Umarni ɗaya ne, birni ɗaya ne. Bambancin ya danganta ƙwarai da halin kwamishinan gunduma da na mutanensa. Wani jami'in ya ɓalle ƙofa, wani ya ce a shirya kaya zai dawo nan da awa ɗaya, ya san ba zai tarar da kowa ba.

Misali mafi bayyana ya zo daga birnin Nancy a gabashin ƙasar. A can, jami'ai bakwai na sashen kula da baƙi, ƙarƙashin Édouard Vigneron da mataimakinsa Pierre Marie, suka samu labarin kamen da aka shirya yi ranar 19 ga Yuli. Suka kwana suna bin gidaje suna gargaɗi, suka raba takardun shaida na jabu, suka raka wasu tashar jirgi. Cikin mutum kimanin 385 da ke kan jeri, 32 kawai aka kama. Daga baya Jamusawa suka tsare Vigneron, amma ya rayu har bayan yaƙi.

Haka abin yake a sauran ƙasashe

A Beljiyam, 'yan sandan birnin Antwerp sun shiga samamen watan Agustan 1942, yayin da hukumomin Brussels suka ƙi raba tauraron liƙawa suka kuma ƙi ba da 'yan sandansu. An kwashe kusan kashi biyu cikin uku na Yahudawan Antwerp, a Brussels kuwa kashi ɗaya cikin uku da ɗoriya. A Holan, inda rajistar jama'a ta fi ta ko'ina tsari kuma 'yan sanda suka taimaka wajen kame, an kashe kimanin 102,000 daga cikin Yahudawa 140,000. A Norwe, 'yan sandan ƙasar ne suka tattara mutum fiye da 500 da aka loda a jirgin ruwan Donau ranar 26 ga Nuwamba, 1942. A Hungari, jandarmomin ƙasar suka taimaka wa Adolf Eichmann da 'yan tsirarun mutanensa wajen kwashe kimanin mutum 437,000 tsakanin Mayu da Yulin 1944. A Denmak kuwa 'yan sanda ba su shiga kamen watan Oktoban 1943 ba, kuma Yahudawa fiye da 7,000 suka tsallaka teku zuwa Suwidin. Kowace ƙasa tana da nata yanayin, amma a ko'ina matsayin 'yan sandan gida yana cikin abubuwan da suka fi tasiri.

A Faransa ma alƙaluma sun bi wannan hanya. A ranar 26 ga Agusta, 1942, aka yi wani samamen a kudanci, kuma a jimlace gwamnatin Vichy ta miƙa Yahudawa baƙi kimanin 10,000 daga yankin da ba a mamaye ba. Ganin hakan ya tayar da hankalin jama'a. Babban limamin Katolika na Toulouse, Jules-Géraud Saliège, ya sa aka karanta wasiƙar Allah-wadai a majami'u, wasu shugabannin addini suka bi sahu, sai Laval ya fara ja da baya. A 1942, lokacin da 'yan sanda ke ba da cikakken haɗin kai, an kwashe mutum kimanin 42,000. A 1943 adadin ya sauka zuwa kimanin 17,000, a 1944 kuma kimanin 15,000. Jimilla kusan 76,000 ne, ciki har da yara fiye da 11,000, kuma 'yan dubbai kaɗan suka dawo. Kashi uku cikin huɗu na Yahudawan Faransa sun tsira, da yawansu da taimakon maƙwabta da manoma da malaman makaranta da suka ɓoye su.

Hisabi bayan yaƙi

A ranar 19 ga Agusta, 1944, 'yan sandan Faris suka yi bore wa Jamusawa kwanaki kaɗan kafin 'yantar da birnin, kuma Janar de Gaulle ya karrama rundunar a watan Oktoba. Wannan karramawa ta lulluɓe abin da ya faru shekara biyu kafin nan. An harbe Laval a 1945 bisa laifin cin amanar ƙasa, Pétain ya mutu a tsare a 1951. An yanke wa Hennequin ɗaurin shekara takwas a 1947, aka yi masa afuwa shekara mai zuwa. Bousquet kuwa ya gurfana a 1949, aka yanke masa hukuncin tauye 'yancin ɗan ƙasa na shekara biyar, nan take aka janye shi da hujjar ya taimaki 'yan gwagwarmaya, ya koma ya zama babba a harkar banki. Zauren Vel d'Hiv kansa an rushe shi a 1959.

Matsayin gwamnatocin bayan yaƙi shi ne Vichy haramtacciyar gwamnati ce, don haka Jamhuriyar Faransa ba ta da alhakin ayyukanta. Takardu ne suka karya wannan matsayi. Masanin tarihi ɗan Amurka Robert Paxton, a littafinsa na 1972 kan mulkin Vichy, ya nuna daga kundin Jamusawa cewa Vichy ce ta riƙa neman haɗin kai. Lauya Serge Klarsfeld, wanda mahaifinsa ya mutu a Auschwitz, ya wallafa sunayen waɗanda aka kwashe a 1978, jirgi bayan jirgi. An tuhumi Bousquet da laifin cin zarafin bil'adama a 1991, amma wani mutum ya harbe shi a gidansa ranar 8 ga Yuni, 1993, kafin a fara shari'a. A 1998 aka yanke wa Maurice Papon ɗaurin shekara goma saboda hannu a kwashe Yahudawa daga Bordeaux. Kafin nan ya riƙe shugabancin 'yan sandan Faris daga 1958 zuwa 1967, ya kuma yi minista.

Sai a ranar 16 ga Yuli, 1995, shekara 53 bayan samamen, Shugaba Jacques Chirac ya tsaya kusa da inda zauren yake, ya amince a bainar jama'a cewa hukumar Faransa da 'yan Faransa sun taimaki mai mamaya wajen aikata laifin. Norwe ta nemi gafara a 2012, ta bakin Firaminista Jens Stoltenberg, rundunar 'yan sandanta ta biyo baya a cikin shekarar.

Dokar da aka kafa kotun Nuremberg da ita a 1945 ta tanadi cewa umarnin na sama ba ya wanke wanda ya aikata irin wannan laifi, ko da zai iya sassauta masa hukunci, kuma wannan ƙa'ida ta shiga dokokin ƙasa da ƙasa. A Faransa, duk shekara ana taron tunawa a ranar 16 ga Yuli, ko ranar Lahadin da ta biyo bayanta, kuma tun 2000 taron ya haɗa da karrama waɗanda suka ceci rayuka. Biyar daga cikin 'yan sandan Nancy, har da Vigneron da Marie, suna cikin waɗanda cibiyar Yad Vashem ta rubuta sunayensu a wannan sahu.